Kuɗin Likkafani: Tarihin Tallafin Ma'aikatan Da Ciniki Ya Kora A Amurka

Mai karatu, in ka taɓa kallon fim ɗin nan na Michael Moore mai suna Roger & Me, wanda ya fito a 1989, ba na jin za ka manta da garin Flint na jihar Mishigan. Gari ne da ya ginu a kan kamfanin motoci na General Motors, kamar dai yadda Kakuri ta Kaduna ta ginu a kan masaƙu. Kamfanin ya riƙa rufe masana'antun sa a garin ya na buɗe wasu a Meziko inda lada ke da araha, mutum wajen 30,000 su ka rasa aiki, shi kuma Moore ya saɓi kyamara ya shiga farautar shugaban kamfanin, Roger Smith, wai sai ya jawo shi ya ga ɓarnar da idon sa. Ana cikin farautar ne mu ke ganin jami'in kotu ya na bi gida-gida ya na watso kayan 'yan hayar da su ka kasa biya, har a jajibirin Kirsimeti.

Akwai wani ɗan gajeren wuri a fim ɗin da 'yan kallo ke wucewa da dariya. Ronald Reagan ya zo garin, ya ɗebi wasu marasa aiki ya kai su cin fiza, ya ba su shawarar su gwada sa'ar su a Teksas. Masu sharhin fim sun caccaki Moore a kan wannan wuri, domin kuwa a 1980 aka yi ziyarar, lokacin Reagan na yaƙin neman zaɓe, shekaru kafin korar da fim ɗin ke magana a kai. Sukar ta su ta na kan hanya. To amma shekarar da su ka tono ɗin ta na da nata labarin. A 1980 ma'aikatan motar da aka sallama su na karɓar wani tallafi mai kauri daga gwamnatin tarayya, kuma shekara ɗaya bayan cin fizar, Reagan ya hau mulki ya zabtare shi. Tarihin wannan tallafi na ke so mu bi a wannan watan, domin akwai abin da zai gaya mana game da namu masaƙun.

ASALIN MAGANAR

A taƙaice ana kiran shirin TAA, wato taimakon da gwamnati ta riƙa ba wanda cinikin ƙasa da ƙasa ya raba da aikin sa, don ya samu ya sake tsayawa da ƙafar sa. Hujjar kafa shi ba ta da wuyar ganewa. Idan ƙasa ta rage kuɗin fito a kan kayan waje, riga da takalmi da rediyo su kan yi sauƙi ga kowa, manomi da mai ƙera jirgi su samu sabuwar kasuwa a ƙetare. Ribar sai ta watsu a kan miliyoyin mutane, kowa ya samu ɗan kaɗan, har bai san ya samu ba. Asarar kuwa wuri ɗaya ta ke taruwa, a kan garin da masana'antar sa ɗaya ce tal. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Wanda ya fara kai maganar gaban gwamnati shi ne David McDonald, shugaban ƙungiyar ma'aikatan ƙarfe, a 1954, lokacin da ya ke cikin wani kwamiti da aka kafa a zamanin Shugaba Eisenhower don duba harkar cinikin waje. Sauran 'yan kwamitin su ka yi watsi da shawarar. Masu adawa da ita, a lokacin da kuma bayan nan, tambaya ɗaya su ke yi: me ya sa za a fifita wanda kayan waje su ka kora a kan wanda sabon inji ko sakacin manaja ya kora, alhali yunwar iri ɗaya ce? Amma wani matashin sanata daga Masachusets, John Kennedy, ya riƙe shawarar bai yar ba.

Da ya zama shugaban ƙasa sai buƙatar ta taso. Ƙasashen Turai shida sun haɗe kasuwar su, Kennedy ya na tsoron a rufe wa kayan Amurka ƙofa, don haka ya nemi majalisa ta ba shi ikon rage kuɗin fito har da kashi 50 cikin ɗari, su ma Turawan su rage nasu. Ba zai samu ƙuri'un ba sai da yardar babbar ƙungiyar ƙwadago ta AFL-CIO, wadda George Meany ke shugabanta. Farashin yardar shi ne TAA. Kennedy ya shaida wa majalisa cewa in ƙasa ta yanke shawara don amfanin kowa, bai kamata a bar 'yan ƙalilan su ɗauki nauyin su kaɗai ba. A watan Oktoba na 1962 ya sa hannu a dokar. Aka yi wa ma'aikaci alƙawarin kashi 65 cikin ɗari na albashin sa har tsawon mako 52, da horon sabuwar sana'a, da kuɗin ƙaura in ya samu aiki a wani gari.

Ka riƙe wannan tsari a zuciyar ka, mai karatu, domin shi za ka yi ta gani har ƙarshen labarin. Duk sanda shugaban Amurka ya ke son buɗe kasuwa, sai a tuna da ma'aikaci. Da zarar an samu sa hannun, sai a manta.

SHEKARA BAKWAI BA KO KWABO

Alƙawari ya yi kyau a takarda, amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Dokar ta ce kafin a biya, sai ma'aikata sun tabbatar wa hukumar kuɗin fito cewa kayan waje sun ƙaru, kuma rage harajin da gwamnati ta yi shi ne babban dalilin ƙaruwar, kuma ƙaruwar ita ce babban dalilin korar su. Ka ji fa! Masanin tattalin arziki ma sai ya yi gumi kafin ya warware wannan, balle mai ɗinkin takalmi. Sakamakon haka, daga 1962 har zuwa ƙarshen 1969 ba a amince da koken ma'aikata ko guda ba. A tsakanin nan kuwa an zauna a Janeba an kammala rage harajin a 1967, wato gwamnati ta riga ta karɓi nata rabon.

'Yan ƙwadago su ka ga an yi musu romon baka. Su ne su ka laƙaba wa shirin sunan inshorar jana'iza, wanda mu a nan sai mu ce kuɗin likkafani: an kashe maka aiki, an ba ka abin binne shi. A 1971 AFL-CIO ta juya baya gaba ɗaya, ta goyi bayan wani ƙuduri na sanya wa kayan waje iyaka. Gwamnati kuma a lokacin ta na son shiga sabon zagayen tattaunawar ciniki. Me ka ke tsammani? Sai aka sake tunawa da ma'aikaci. Dokar ciniki ta 1974 ta sassauta sharaɗin, aka ce ya isa a nuna kayan waje sun taka muhimmiyar rawa wajen korar, aka ɗaga alawus zuwa kashi 70, aka kuma miƙa binciken ga Ma'aikatar Ƙwadago.

A karon nan kuɗi sun fita. Juyin juya halin Iran na 1979 ya sa fetur ya yi tsada, Amurkawa su ka guje wa manyan motocin Ditroit su ka koma wa ƙananan motocin Japan masu tsimin mai. A 1980 sama da mutum rabin miliyan su ka karɓi tallafin, akasarin su ma'aikatan mota, kuɗin ya kai wajen dala biliyan 1.6. Nan da nan surutu ya tashi. Masu suka su ka ce da yawa daga masu karɓar ba sana'a su ke canzawa ba, jiran kiranye kawai su ke yi daga tsohon kamfanin su, kuma akwai gaskiya a maganar. A 1981 gwamnatin Reagan ta rage alawus ɗin zuwa daidai da na kowane marar aiki, ta ce kuma ba za ka taɓa shi ba sai na farkon ya ƙare. A 1988 aka ƙara sharaɗi: in ba ka shiga aji ba, ba kuɗi.

MASANA'ANTA TA YI ƘAURA

Har zuwa nan dokar kayan da ake shigowa da su ta fi kallo. Kamfanin da ya kwance injinan sa ya loda a tirela ya tsallaka iyaka bai shiga lissafi kai-tsaye ba sai a 1993, lokacin da Bill Clinton ke neman ƙuri'un yarjejeniyar NAFTA tsakanin Amurka da Kanada da Meziko. Aka ƙirƙiro wani reshe na musamman domin waɗanda aikin su ya koma ɗayan ƙasashen biyu. A 2002 George Bush ƙarami ya nemi ikon ƙulla yarjejeniyar da majalisa ba za ta taɓa ko wasali a ciki ba, sai dai ta ce i ko a'a. Da kyar ya sha a Majalisar Wakilai, ƙuri'a 215 da 212, kuma abin da ya biya shi ne faɗaɗa TAA. Gwamnati ta ɗauki kashi 65 na kuɗin inshorar lafiyar wanda aka kora. Wanda ya kai shekara 50 kuma, in ya karɓi aiki mai ƙarancin albashi, za a cike masa rabin giɓin, har dala 10,000 cikin shekara biyu.

Yadda ake nema a wancan lokacin shi ne ma'aikata uku, ko ƙungiyar su, ko kamfanin da kan sa, su rubuta koke zuwa Washinton. A bincika, in an amince sai duk ma'aikatan wurin su cancanta. Sai dai dokar 2002 ta bar wata ɓaraka. In masana'antar ku ta koma Meziko, ko wata ƙasar Afrika da ke cikin shirin AGOA, kun shiga. In Chana ta koma, sai an nuna kayan su na dawowa kasuwar Amurka ko za su dawo. Ga shi kuwa a Disamba 2001 Chana ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya. A shekarar 2000 masu aikin masana'anta a Amurka sun haura miliyan 17. Kafin 2010 ta ƙare sun koma wajen miliyan 11 da rabi. Ba duka ne laifin ciniki ba, akwai sababbin injina da karayar tattalin arziki ta 2008, amma wani bincike da David Autor da abokan aikin sa su ka fitar a 2016 ya ƙiyasta cewa gasar kayan Chana kaɗai ta ci aikin masana'anta kusan miliyan ɗaya tsakanin 1999 da 2011.

In ka na so ka ga yadda abin ya ke a ƙasa, dubi garin Kannapolis na Karolina ta Arewa, inda ake saƙa tawul da zanen gado na Cannon tun farkon ƙarni na 20. Ran 30 ga Yuli 2003 kamfanin Pillowtex ya rufe, mutum wajen 4,800 su ka rasa aiki a jihar a rana ɗaya, korar da jihar ba ta taɓa ganin irin ta ba. An amince musu da TAA. Amma da yawan su ba su gama sakandare ba, domin tun su na samari su ka bi iyayen su cikin masaƙa. Mace mai shekara 50 da ta yi shekara 30 a gaban inji, yanzu an ce ta zauna a aji ta fara da lissafin 'yan makaranta kafin ta kai ga kwamfuta, ga bashin gida, ga kuɗin magani. Daga baya aka rushe masaƙar, aka gina katafariyar cibiyar binciken kimiyyar abinci a filin, wadda aka buɗe a 2008. Gini ya yi kyau, amma ba masaƙa ake ɗauka aiki a ɗakin gwaje-gwaje ba.

YA YI AMFANI KUWA?

Masana sun rabu. Wani babban bincike da kamfanin Mathematica ya yi wa Ma'aikatar Ƙwadago, wanda ya fito a 2012, ya gano cewa bayan shekara huɗu waɗanda su ka shiga shirin su na samun kimanin dala 3,300 a shekara ƙasa da takwarorin su da ba su shiga ba. Dalili ɗaya shi ne sun daɗe a aji, su ka fito daidai lokacin da kasuwar aiki ta mutu. Shi kuwa Benjamin Hyman, a 2018, ya bi sawun ma'aikata na tsawon shekara goma, ya tarar waɗanda aka amince wa koke sun tara wajen dala 50,000 fiye da waɗanda aka hana. Wato horon ya na biya, amma sai ga mai dogon numfashi.

Abin da ba a jayayya a kai shi ne ƙanƙantar shirin. Autor da abokan sa sun nuna a 2013 cewa a yankunan da kayan Chana su ka fi bugu, ƙarin kuɗin da gwamnati ta kashe wajen biyan alawus na naƙasa ya ninka na TAA fiye da sau 30. Ma'ana, mutumin da aka kora ya fi samun mafaka a takardar likita da ke cewa bayan sa ya lalace, a kan shirin da aka kafa musamman domin sa. Dokar 2015 ta ƙayyade kuɗin horo a dala miliyan 450 a shekara. Kwatanta wannan da abin da ya faru a 2018 da 2019, sanda rikicin haraji tsakanin Donald Trump da Chana ya taɓa manoman waken suya: nan take aka sanar da tallafin dala biliyan 12, sannan aka ƙara biliyan 16.

Ƙarshen labarin ma bai saɓa wa farkon sa ba. A 2009 an shigar da ma'aikatan ofis da waɗanda aikin su ya koma kowace ƙasa. A 2011 an sabunta shirin tare da yarjejeniyoyin Koriya ta Kudu da Kolombiya da Fanama. A Yunin 2015 kuwa aka ga abin al'ajabi. Barack Obama ya na neman ikon ƙulla yarjejeniyar ƙasashen tekun Fasifik, an ɗaure ta da TAA, sai 'yan jam'iyyar sa ta Dimokurat, waɗanda su ne iyayen shirin, su ka kada shi a Majalisar Wakilai da ƙuri'a 302 da 126, da goyon bayan ƙungiyoyin ƙwadago. Sun gwammace a rasa likkafanin in dai zai hana kisan. Daga baya an raba ƙudurorin biyu duk su ka wuce. Trump ya fice daga yarjejeniyar a 2017, kuma daga nan sha'awar manyan yarjejeniyoyin buɗe kasuwa ta mutu a jam'iyyun biyu. Da ba wanda ke neman yardar ma'aikaci, wa'adin shirin ya cika ba a sabunta ba. Ran 1 ga Yuli 2022 Ma'aikatar Ƙwadago ta daina amincewa da sababbin koke, bayan shirin ya shafi mutum sama da miliyan 5 tun daga 1974.

MU FA?

Kada wannan ya sa ka yi wa Amurkawa dariya, mai karatu, domin guguwar da ta rufe Kannapolis ita ce ta bi ta Kakuri da Bompai da Sharaɗa, kusan a shekaru ɗaya. Masaƙar KTL, wadda ta fara aiki a Kaduna a 1957 a zamanin Sardauna, ta rufe a 2002. UNTL ta bi baya a 2007. Mu namu ciwon ya haɗa da rashin wutar lantarki da tsadar baƙin mai da tsofaffin injina, amma ɗage haramcin shigo da yadi a 1997, da atamfar Chana da ta riƙa kwararowa ta Kwatano da iyakar Nijar har Kantin Kwari, su su ka ƙarasa marar lafiyar. Kowa ya sayi atamfa da araha, har da ni da kai. Ma'aikatan KTL kuwa sun shafe shekaru su na zanga-zanga su na roƙon gwamnonin Arewa 19, masu kamfanin, ba tallafi ba, giratutin guminsu kawai, kuma da yawa sun rasu su na jira.

Gwamnatin tarayya ta motsa a 2010 da asusun naira biliyan 100 na auduga da masaƙu ta hannun Bankin Masana'antu. Amma rance ne ga kamfanoni. Mutumin da aka sallama ba shi da layi a ciki. Dokar ƙwadagon mu kuma, a sashen rage ma'aikata, abin da ta ɗora wa mai kamfani shi ne ya yi iya ƙoƙarin sa wajen sasanta kuɗin sallama. Shi ya sa ƙwararren mai gyaran injin saƙa ya koma acaɓa ko gadi, ba wanda ya tambaye shi ko akwai abin da ya ke so ya koya.

Duk da rowar sa da ɓarakar sa, TAA ya rubuta wani abu a doka na tsawon shekara 60: wanda shawarar gwamnati ta raba da abincin sa, ya na bin gwamnati bashi. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Tarihin ya kuma nuna lokacin da ake iya karɓar bashin. A 1962 da 1974 da 1993 da 2002, duk kafin a sa hannu aka biya, lokacin da gwamnati ke neman ƙuri'a. Nijeriya ta sa hannu a yarjejeniyar kasuwar Afrika ta bai-ɗaya a Yamai a 2019, kuma ba ita ce ta ƙarshe ba. Akwai sauran masana'antu a Kano da Kaduna, na roba da fata da man girki, da mutane a cikin su. Duk ranar da ka ji minista na lissafa ribar buɗe iyaka ko ɗage wani haramci, ranar ce ya kamata ƙungiyoyin ƙwadago da wakilan mu a majalisa su tambaye shi nawa aka ware wa wanda zai rasa aiki, wa zai biya, kuma a wace doka aka rubuta. Ma'aikatan KTL sun yi tasu tambayar bayan an garƙame ƙofa, kuma mun ga yadda ta kaya. Allah ya kyauta.